Rawanin da Katsina ta gani a 2006, da tambayar da har yau ba a gama amsa ta ba

Ranar Laraba, 29 ga Maris, 2006, ko kwana uku ba a yi da rufe ƙidayar jama'a ba, hantsi ya gama leƙa gidan kowa a birnin Katsina, sai haske ya soma canza kama. Ba duhun hadari ba ne, bazara ake ciki. Wajen ƙarfe goma da rabi kaji suka kama hanyar akurki, iska ta yi sanyi kamar ta asuba, masallatan unguwa suka shiga kiran jama'a zuwa sallar husufi. Ina tsakar gida, kakata tana ta faman cewa, "Kai ɗan nan, shigo daga ciki, ba a haɗa ido da rana." Gaskiyarta ne, domin muddin akwai ko da siririn gefen rana a waje, kallonta na ƙone ido ba tare da mutum ya ji zafi ba. Amma akwai ɗan lokacin da wata ya rufe ta ruf, kusan minti huɗu a wajenmu, kuma a wannan taƙin ne na ɗaga kai. Baƙin faifai na gani a tsakiyar sama, kewaye da shi wani farin haske mai laushi, mai gezar da ta miƙe gefe da gefe kamar bakin sabon rawani da iska ke kaɗawa.

Wannan farin haske shi ne abin da nake son mu zauna a kansa. Masana na ce masa korona, kalmar Latin mai ma'anar kambin sarauta. Kada sunan ya firgita mai karatu: ƙwayar cutar nan ma daga nan ta ari suna, domin waɗanda suka fara ganinta a madubin ƙara girma sun ga tana da geza irin ta wannan haske. Ni dai zan riƙa ce masa rawanin rana. Kullum yana nan, ko yanzu da kake karatun nan yana nan. Abin da ke hana mu ganinsa shi ne haskensa bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan na hasken fuskar rana ba, kusan daidai da farin wata ɗan daren sha huɗu. Fitilar aci-balbal ce a gefen gobara.

Ga inda gizo ke saƙa. Can a tsakiyar rana, inda ake girka makamashinta, zafi ya kai digiri miliyan 15 a ma'aunin Salshiyos. Yana ta raguwa har zuwa fuskar da muke gani, inda yake wajen digiri 5,500. In aka ƙara tashi sama da kamar kilomita 500, ya ƙara sauka zuwa wajen 4,000. Duk wannan ya dace da hankali, ko yarinyar da ke hura wuta a murhu ta san in ka ja baya zafi ya ragu. To amma daga nan sai al'amari ya juye. Zafin ya soma hawa, kuma a wani siririn tsakani da ke wajen kilomita 2,000 daga fuska, sai ya yi tsalle daga dubbai zuwa miliyan. Rawanin rana yana da zafin digiri miliyan ɗaya zuwa biyu, a wasu wuraren ma ya zarce haka nesa. Wato ka tashi daga bakin murhu ka koma zaure, ka tarar zauren ya fi garwashin zafi sau ɗari biyu ko uku. Zafi ba ya gangarawa da kansa daga abu mai sanyi zuwa mai zafi, kamar yadda ruwa ba ya hawa tudu. Dole akwai abin da ke ɗauke da shi yana kaiwa can.

Yadda aka gano wannan zafi ma labari ne. Kowane sinadari in ya yi zafi yana fitar da haske mai launi nasa na kansa, kamar shaidar yatsa. A husufin 1869 da aka gani a Amurka, Charles Young da William Harkness suka rarrabe hasken rawanin zuwa launukansa, irin yadda bakan gizo ke yi, suka ga wani koren layi da bai dace da wani sinadari da aka sani ba. Aka ɗauka sabon sinadari ne, har aka raɗa masa suna koroniyam. Shekara saba'in ana kan haka. Sai Walter Grotrian na Jamus a 1939, da Bengt Edlén na Suwidin a farkon shekarun 1940, suka warware ƙullin: baƙin ƙarfe ne, irin wanda maƙera ke bugawa. Ƙwayar zarrar ƙarfe tana da ilektiron 26, wato 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu cajin lantarki da ke kewaye da cibiyarta, amma wadda ke ba da koren layin nan an fige mata 13. Ba abin da zai yi wa ƙarfe irin wannan fiɗa sai zafin da ya haura digiri miliyan. An rabu da sinadarin bogi, an gamu da tambayar da ta fi shi nauyi.

Kafin mu ci gaba, akwai kumbon da aka harba ya kutsa cikin rawanin, za mu zo kansa a gaba, kuma ga abin da ɗalibai kan tambaye ni duk lokacin da maganar nan ta taso: "Malam, in haka ne, yaya aka yi kumbo ya shiga cikin rawanin bai narke ba?" Amsar tana maƙera. Tsaya kusa da maƙeri yana dukan jan ƙarfe a kan uwar maƙera, tartsatsi zai faɗo maka a hannu, ka ji ɗan tsai kawai. Tartsatsin nan ya fi tafasasshen ruwa zafi sau da yawa, amma wa zai yarda ya tsoma hannu a tukunyar da ke tafasa? Ma'aunin digiri yana faɗin irin gudun da kowace ƙwaya ke yi ne, ƙuna kuwa ta dogara ga yawan ƙwayoyin da suka taɓa ka. Rawanin rana fayau yake, ƙwayoyinsa a warwatse, iskar ɗakinka ta fi shi kauri ninkin ba ninkin. Kowace ƙwaya tana gudun fitar rai, amma 'yan kaɗan ne.

Wannan fayau ɗin yana da wata ma'ana mai muhimmanci, wadda a ganina ita ce mabuɗin fahimtar matsalar gaba ɗaya. Tunda abin ba kauri, ba ya buƙatar makamashi mai yawa kafin ya yi zafi. Fuskar rana tana fitar da wajen wat miliyan 63 daga kowane murabba'in mita. Rawanin da ke bisa wuraren da suke kwance lafiya yana buƙatar 'yan ɗaruruwan wat ne kawai a murabba'in mita, inda ake hargitsi kuma wajen dubu goma. Ko zakka ba ta kai ba. Saboda haka ba wanda ke tambayar ina za a samo makamashin, rumbu a cike yake. Abin tambaya shi ne wace hanya ake bi a ɗauko shi daga ƙasa, a ratsa da shi ta wurin da ke da sanyi ba a zubar ba, sannan a sauke shi can sama ya zama zafi.

Kusan duk masana sun yarda cewa ɗan dakon shi ne maganaɗisu. A irin wannan zafi iskar rana ba iska ba ce irin tamu, ƙwayoyinta sun rabu da ilektiron ɗinsu, kowacce na ɗauke da cajin lantarki. Irin wannan iska ana ce mata filasma, kuma ba ta tafiya sai ta bi layin maganaɗisu, kamar duwatsun carbi a jikin zare. Layukan nan suna fitowa daga fuskar rana su yi baka su koma, wani bakan ya isa a jera duniyarmu da dama a ƙarƙashinsa. Gindinsu kuwa yana kafe ne a fuskar da ba ta zama wuri ɗaya. Fuskar rana tafasa take kamar tukunyar talge, kowane kumfa faɗinsa wajen kilomita 1,000, ya taso ya nitse cikin minti goma ko ƙasa da haka. Ka ƙaddara igiyoyi dubbai an ɗaure su a jikin abin da ke motsi ba dare ba rana. Abu biyu zai iya faruwa da su, kuma a kan waɗannan biyun ne masana suka rabu.

Na farko, igiyar za ta kaɗu. Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya ya san in ka girgiza igiyar guga daga sama, girgizar za ta bi ta har ƙasa. Hannes Alfvén, shi ma ɗan Suwidin, ya nuna a 1942 cewa layin maganaɗisu a cikin filasma yana ɗaukar irin wannan kaɗawa kamar tsirkiyar garaya, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1970. To kaɗawar na iya hawa da makamashi zuwa sama. Matsalarta ita ce ba ta son sakin abin da ta ɗauko. Tana iya wucewa ta cikin rawanin ba ta bar komai ba, sai fa in ta ci karo da wata mai dawowa, suka cakuɗe, suka farfashe zuwa ƙananan juyi har su zama zafi.

Na biyu, igiyoyin za su sarƙe. Eugene Parker na Jami'ar Shikago, wanda tun 1958 ya yi hasashen cewa akwai iskar da ke kwararowa daga rana ba tsayawa, shi ne ya tsaya kan wannan ra'ayi. Ya ce motsin gindin yana tufke layukan da juna kamar kitso. Mai tufka igiyar rama ya san in murɗi ya yi yawa, igiya takan ƙudundune ta tsinke. Layin maganaɗisu kuwa in ya tsinke nan take yake haɗewa da maƙwabcinsa, ya saki abin da ya tara a matsayin ɗan fashewa. A 1988 Parker ya ba waɗannan ƙananan fashe-fashe suna, ya ƙiyasta cewa kowane ɗaya wajen kashi ɗaya ne cikin biliyan na babban aman wutar rana, wato gagarumar fashewar da kan auku a jikinta lokaci-lokaci. Ɗaya ba ya komai, amma in suna faruwa ko'ina a kowane lokaci, da yayyafi kogi kan cika. Sai dai lissafin yana da sharaɗi. In kana son sanin ko manyan dillalai ne ke riƙe da kasuwa ko masu kasa kaya a faifai, dole ka ƙidaya masu faifan. In yawan ƙananan bai rinjayi ƙanƙantarsu ba, yayyafin ba zai cika kogin ba. Kuma ba a ƙidaya abin da ba a gani.

Nan ne maganar kaifin hoto ta shigo, kuma dalilin da ya sa ake zuba dukiya a kanta ke nan. Duka bayanan biyu suna cewa wurin da makamashi ke zama zafi ƙarami ne ƙwarai. Lissafi yana nuna tsinkewar kanta na faruwa a cikin shafi mai kaurin da ake aunawa da mitoci. Mu kuwa muna nesa da kilomita miliyan 150, nisan da haske da kansa sai ya yi minti takwas da 'yan daƙiƙu kafin ya ci shi.

Kallon rawanin yana da shinge uku. Na farko shi ne hasken fuskar rana mai kashe ido. Bernard Lyot na Faransa ya yi maganin wannan a 1930, da ya ƙera madubin hangen nesa mai ɗan faifai a ciki da ke rufe rana, kamar yadda kake sa tafin hannu ka kare fitilar mota don ka ga direba, ya hau da shi dutsen Pic du Midi inda iska take garau. Na biyu, mafi yawan hasken da filasma mai zafin miliyan ke fitarwa ba irin wanda ido ke gani ba ne. Altirabayolet ne mai tsanani da kuma eksire, iskar duniya kuwa tana shanye su tun daga sama, rahamar da ba don ita ba da ba mu rayu ba. Mai son ganinsu sai ya fita sararin samaniya. Na uku shi ne rawar iska. Dubi titin Katsina zuwa Jibiya da azahar a watan Afrilu, za ka ga motar da ke nesa tana rawa kamar a cikin ruwa. Haka iska ke yi wa duk abin da aka hango daga ƙasa.

Kumbon SOHO da aka harba a Disambar 1995, da TRACE a 1998, da Hinode na Japan a 2006, kowanne ya matsa da abin gaba. A Fabrairun 2010 hukumar NASA ta harba SDO, wanda ke ɗaukar hoton rana baki ɗaya duk bayan daƙiƙa 12, kuma da yawa daga cikin hotunan rana masu ruwan zinare da ake yaɗawa a Facebook nasa ne. (Launin nan shafa shi aka yi, domin ainihin hasken ba shi da launin da ido ya sani. Kowane launi alama ce ta wani mataki na zafi.) Kowane ɗigo a hoton SDO yana cin fiye da kilomita 400 na rana. Duk abin da ya fi haka siranta, ya narke cikin maƙwabtansa.

Aikin da ya fi burge ni a wannan fage ƙarami ne, kuma rayuwarsa minti biyar ce. Ranar 11 ga Yuli, 2012, aka ɗora wani madubi mai suna Hi-C, faɗinsa santimita 24, a kan roka a filin White Sands da ke jihar Niyu Meziko. Ba kumbo ba ne mai zagaya duniya. Rokar ta cilla shi sama da iska, ya buɗe ido, ya ɗauki hoto 165 na wani yanki mai hargitsi, laimar sauka ta dawo da shi ƙasa. Shekarun da aka yi ana goge madubin da gwada shi, duk don wannan minti biyar ne. Kaifinsa ya ninka na SDO wajen sau biyar, yana rarrabe abin da faɗinsa ya kai kilomita 150, kusan tafiyar Katsina zuwa Kano. A cikin hotunan aka ga abin da Parker ya faɗa shekaru da dama kafin nan: zaruruwa a tufke da juna, suna warwarewa, zafi yana tashi a wurin. An sake harba shi a 2016, marfin kyamarar ya ƙi buɗewa, aka dawo hannu rabbana. Ba su haƙura ba, suka gyara suka koma ranar 29 ga Mayu, 2018. A wannan karon wuraren da a hotunan baya suke kamar duhu ko hazo sai aka ga cike suke da siraran zaruruwa masu zafin miliyan, faɗin kowanne wajen kilomita 500.

Wata dabarar ita ce a matsa kusa. Kumbon Solar Orbiter na hukumar sararin samaniyar Turai ya tashi a Fabrairun 2020, kuma a ƙarshen Mayun shekarar, yana nisan kilomita miliyan 77, wato rabin hanya, ya ɗauko hotunan da suka nuna ƙananan walƙiya birjik a wuraren da ake zaton shiru suke. Faɗinsu daga kilomita 400 zuwa 4,000, suna haskawa na daƙiƙa 10 zuwa 200 su mutu. Waɗanda suka gano su sun kwatanta su da wutar da matafiya ke hurawa a zango. Ko su ne ƙananan fashe-fashen Parker? Suna kama da su, amma da aka ƙidaya waɗanda idon kumbon ya iya gani, ba a tabbatar sun isa su riƙe zafin rawanin su kaɗai ba. Shi kuwa kumbon da aka sa wa sunan Parker, wanda ya tashi ranar 12 ga Agusta, 2018, mai sunan yana tsaye yana kallo yana da shekara 91, bai tsaya hange ba. A Afrilun 2021 ya kutsa cikin rawanin, kuma ranar 24 ga Disamba, 2024 ya wuce kilomita miliyan 6.1 kacal daga fuskar rana, yana gudun kusan kilomita 690,000 a awa, a bayan garkuwa mai kaurin santimita 11 da ɗoriya. Ba ya kallon rana ido da ido, ɗanɗana iskar yake yi. Ya tarar da layukan maganaɗisu suna lanƙwashewa su koma baya su sake miƙewa kamar bulalar da aka kaɗa. A Fabrairun 2022 aka yi sa'a kumbunan biyu suka auna kwararo ɗaya na iskar rana, Parker a kusa, Solar Orbiter a nesa, sakamakon da aka fitar a 2024 ya nuna makamashin da kaɗawar Alfvén ta rasa a tsakani ya yi daidai da zafi da gudun da iskar ta ƙaru da su. Wannan babbar hujja ce ga masu ra'ayin kaɗawa, aƙalla a wuraren da layukan suka miƙe zuwa sarari ba su dawo ba.

Masu kallo daga ƙasa ma ba su zauna ba. Maganin rawar iska shi ne madubi mai lanƙwasa kansa: na'ura tana auna yadda iska ta murguɗa hoton, ta murguɗa madubin akasin haka. An daɗe ana yin wannan ga fuskar rana, amma gefenta ya gagara saboda dusashewa. A Mayun 2025 masu aiki da madubin Goode mai faɗin mita 1.6, a tafkin Big Bear na Kalifoniya, suka bayyana cewa sun ci wannan tudu da madubin da ke sake siffa sau 2,200 a daƙiƙa ɗaya. Kaifin ya kai kilomita 63. Don mai karatu ya ji nauyin wannan lamba: daidai yake da mutum ya hau hasumiyar Gobarau ya rarrabe ƙwayar goro guda da aka ajiye a Daura. Abin da suka ɗauko ya haɗa da ruwan saman rawani. Filasma mai zafi takan huce a ƙololuwar baka, ta dunƙule, ta gangaro tana bin layin maganaɗisu kamar ruwa a indararo. An ga alamar cewa wasu zaren wannan ruwa ba su kai faɗin kilomita 20 ba. Abin lura, madubin yana ganin filasmar da ta huce ne, ba mai zafin miliyan ba. Amma sirantar ruwan tana ba da labarin sirantar wurin da aka dafa shi. A Hawai kuma, madubin Inouye mai faɗin mita 4, mafi girma a duniya cikin masu kallon rana, ya fitar da taswirar ƙarfin maganaɗisun rawanin a 2024. Wannan ya fi hoto mai kyau daraja a wajena, domin shekara da shekaru ana ta magana a kan ɗan dakon nan alhali da ƙyar ake iya auna shi a can sama.

Yanzu bari in faɗi abin da ke sa ni taka-tsantsan. Duk bayan 'yan watanni sai ka ga kanun labari cewa an warware sirrin rawanin rana. Ba a warware ba. Kowane sabon madubi ya nuna zaruruwan da suka fi na baya siranta, har yanzu ba a kai ƙarshen zaren ba, kuma tsakanin kilomita 63 da 'yan mitoci akwai tafiya. Bayan wannan, hoto kansa yana iya ruɗi. Rawanin shara-shara ne, duk abin da ke gaba da na baya suna haɗuwa a ɗigo ɗaya. A 2022 Anna Malanushenko da abokan aikinta suka gina rawanin a kwamfuta, suka yanka shi suka duba ciki, suka tarar da cewa wasu daga cikin bakan da ake ɗauka igiyoyi ne, ninkin mayafi ne kawai. Rataya gidan sauro ka koma gefe: inda ya ninku za ka ga layi mai duhu, ka rantse zare ne, alhali ba zare a wurin. In wani kaso na abin da muke aunawa ninki ne, dole a sake duba wasu lissafe-lissafen. Shi ya sa hoto kaɗai ba ya yanke hukunci sai an haɗa shi da rarrabe launin haske, wanda ke faɗin zafi da kauri da gudu. Ta wannan hanya ne rokar FOXSI, a tashinta na Disambar 2014, ta gano ɓurɓushin filasma mai zafin sama da digiri miliyan 10 a wurin da ba a ga wani aman wuta ba. Dumama mai tafiya a hankali ba ta haifar da irin wannan, sai fashewa mai zuwa farat ɗaya.

Inda na karkata shi ne rigimar "kaɗawa ce ko tsinkewa" ta fara tsufa. Tsinkewa tana haifar da kaɗawa, kamar yadda igiya in ta tsinke take fyaɗawa. Kaɗawa kuma in ta cakuɗe tana haifar da siraran wuraren da tsinkewa ke faruwa. Abin da ya rage a sani shi ne rabon kowacce, a wane yanki, a wane lokaci na zagayen rana mai shekara 11. Bisa hujjojin da ke ƙasa, tsinkewa ta fi ƙarfi a cikin bakan da ke kan wuraren hargitsi, kaɗawa kuma a inda layuka suka buɗe.

Wani zai ce, mu da ke fama da tsadar taki da rashin wuta, ina ruwanmu da wannan? Ruwanmu ya fi yadda ake zato. Tsinkewar da ke dumama rawanin, babbarta ce ke cillo tarin filasma zuwa duniya. Ranar 13 ga Maris, 1989, irin wannan guguwa ta kashe wutar lardin Kebek na Kanada na tsawon awa tara. A Fabrairun 2022 kamfanin SpaceX ya yi asarar kusan 40 daga cikin taurarin Starlink 49 da ya harba, saboda guguwar rana ta kumbura saman iskar duniya ta ja su ƙasa. A Mayun 2024 manoma a Amurka sun dakatar da shuka saboda GPS ɗin taraktocinsu ya rikice. Dattijon da ke kama tashar gajeren zango a rediyonsa ya dogara ne ga wani shafi na sama da hasken rawanin ke cajawa, kuma babban aman wuta kan ɗauke tashar ɗif da rana tsaka. Ƙari a kan haka, layin tsakiyar maganaɗisun duniya ya ratsa ta Najeriya, abin da ya sa samaniyarmu take cikin wuraren da siginar tauraron ɗan Adam ta fi rawa bayan faɗuwar rana. Wannan bincike ne da ake iya yi daga nan, da na'urar karɓar sigina da kwamfuta, hotunan SDO kuwa kyauta ne a intanet ga duk ɗalibin da ke so. Garin da ya fitar da Muhammad al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari da ya rasu a Alƙahira a 1741, bai kamata ya ɗauki ilimin samaniya kayan aro ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ranar da husufi ya dace da rasuwar ɗansa Ibrahim, ya gaya wa sahabbai cewa rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Ya cire camfi daga al'amarin, ya bar aya, ita kuwa aya ana sallah saboda ita, ana kuma yin tunani a cikinta.

Har gobe, ƙasan rawanin, daf da gefen rana, ba abin da ke nuna shi a farin haske kamar husufin gaske, domin wata yana nesa ƙwarai, inuwarsa tana da kaifin baki, faifan da ke cikin madubi kuwa haske na zubowa ta gefensa. Don a kwaikwayi wannan ne Turai ta harba Proba-3 daga Indiya ranar 5 ga Disamba, 2024: kumbo biyu, ɗaya riƙe da faifai mai faɗin mita 1.4, ɗaya da kyamara, suna tafiya da tazarar wajen mita 150, ba sa kaucewa fiye da kimanin milimita ɗaya, suna haɗa husufin da kan kai awa shida. Hotunansu na farko sun fito a Yunin 2025. Da na gan su, farar gezar nan ce dai ta tsakar gidanmu.

Wanda bai gani ba a 2006 yana da sauran dama. Ranar 2 ga Agusta, 2027, inuwar wata za ta bi ta arewacin Afirka, ta yi sama da minti shida a Luksor ta Masar, ta ƙetare Bahar Maliya ta rufe Jidda da Makka. Mu a Katsina ɓangare kawai za mu samu, kuma a ɓangare rawani ba ya fitowa, ba a kuma kallonsa sai da tabarau na musamman da aka yi don haka. Sai ranar 20 ga Maris, 2034 cikakkiyar inuwa za ta sake taka ƙasar Najeriya, ta shigo ta Legas ta nufi Kamaru da Chadi.